Takardar da Ta Yi Wata Tara a Jakar Likita

SHAFI NA 17

Masu cewa an bar su a tsaye, to ga wuri, ku zauna. Wanda ya san hawayensa a kusa suke, ya ajiye ƙyalle a gefe.

Tela ba ta taɓa shiga asibitin kuɗi ba sai ranar nan. Abin da ya fara ba ta haushi ƙamshin wurin ne. Asibiti sai ƙamshi yake kamar shagon turare, kujeru masu taushi, ga talabijin a bango tana magana ita kaɗai. A na gwamnati, inda ta wuni jiya da mahaifinta, ko makaho ya shiga ya san inda ya zo.

Ta tsaya a gaban kantar karɓar baƙi. Wata yarinya ce a zaune, farce zaƙo-zaƙo, tana murmushin da aka ɗauke ta aiki dominsa.

"Sannu da zuwa, Anti. Kina da kati a nan?"

"Ba ni da shi. Likita Sannu-sannu nake son gani."

Yarinyar ta ɗaga gira. "Wa?"

"Tsohon nan da ya baro asibitin unguwa. Mai farin gilashi."

"Oho, babban likita. Sai kin buɗe kati, Anti."

"Magana ce kawai, ba ta fi minti biyu ba."

"Ai maganar ake biya."

Tela ta kalle ta. Gaskiya ta faɗa, ba za a ce ta yi rashin kunya ba. Ta kwance bakin jaka, ta fito da kuɗin ɗinkin wata amarya da ba ta ko yanka yadinsa ba, ta ajiye.

Yarinyar ta ja takarda. "Me ke damunki?"

"Likitanku."

"Na'am?"

"Rubuta ciwon kai."

Aka ce ta zauna. Ba ta ko gama gyara zama ba aka kira ta. Jiya tun hantsi suke kan benci ita da Baba, sai bayan la'asar layi ya zo kansu, Baba yana jingine da kafaɗarta, ƙashinsa yana sukar ta. Mutumin da ya yi shekara arba'in a tsaye yana yi wa mutane aski, yau zama ma sai an tallafe shi. Wani ƙaramin likita ne ya gan su, yaro sabon jini, idonsa ja don gajiya. Shi ya fitar da Baba waje, ya rufe ƙofa, ya ce mata ciwon daji ne a hanji, kuma ya bazu. Ya ce da an zo da wuri da yankewa za a yi. Sannan ya duba littafin ɗakin gwaji, ya ce, "Amma ai an yi masa gwajin nan wata tara baya. Sakamako ya fito. Ga sa hannun likitan da ya karɓa."

Ta san sa hannun, na Sannu-sannu ne. Shi ne a kan katin rigakafinta tun tana goye.

Ta tura ƙofar ofishinsa.

Yana zaune bayan wani tebur da ya isa a yanka riga uku a kansa. Ya tsufa, amma ya yi haske, ya yi kumatu. Da ya ga wadda ta shigo sai ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"A'a! 'Yar mai aski! Tela, ke ce? Zauna, zauna. Ina Babanki?"

Ba ta zauna ba.

"Ina kwana, Baba Likita."

"Lafiya lau, 'yata. Me ya sa kika buɗe kati? Ai da kin ce a gaya mini ke ce."

"Na ce. An ce maganar ake biya. Na biya. Minti nawa na saya?"

Murmushin ya ɗan ja baya. "Ashirin suke ba mutum. Amma ke…"

"Sun isa."

Ta ajiye takardar ƙaramin likita a gabansa. Ya gyara gilashi ya fara karantawa, a hankali, yadda yake yin komai. Ba a banza unguwa ta sa masa Sannu-sannu ba. Mutum ne da zai tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, ya yi shiru. Ya sake tambaya, ka ce alhamdulillahi, ya yi shiru. Sai ka gaji da ƙaryarka ka gaya masa gaskiya. Layi ya kai bakin titi, bai dame shi ba.

Ya kai ƙarshen takardar. Ya koma sama.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ina ta farkon?"

Bai ce wacce ba. Da ya ce wacce, da ta fi jin sauƙi, don da ta samu abin yi wa ihu. Ya sunkuya ya jawo tsohuwar jakarsa ta fata daga ƙarƙashin tebur, wadda duk unguwa ta sani, mai ɗinkakken hannu. Tela ce ma ta ɗinke hannun da zaren takalmi. Ya zuge aljihun gefe ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa. Gefensa ya yi laushi, ya yi baƙi, irin na takardar da ake yawan taɓawa.

Ashe ba mantawa ya yi ba.

Sai a lokacin ta zauna.

"Kullum tana nan?"

"Kullum."

"Kana zuwa da ita aiki, kana komawa da ita gida."

"Haka ne."

"Me ya sa ba ka bar ta a fayil ba? Da wani ya gani. Ko mai shara ne da ya gani."

"Kin san yadda nake yi."

Ta sani. Duk unguwa an sani. Shekara talatin, in aka yi maka gwaji a wurin Sannu-sannu kuma sakamako ya yi kyau, ba ya ce maka komai, sai dai ya ɗaga maka hannu a hanya. In kuwa bai yi kyau ba, ba ya barin takardar a fayil, wai kada mai rubuta kati ya karanta, labari ya riga shi isa. Sai ya sa ta a jaka, ya tashi daga aiki, ya taka har gidanka, ya zauna, ya sha ruwa, ya gaya maka da bakinsa kana cikin naka. Mutane suna sa masa albarka a kan haka. Amma in aka hango shi ya shigo lungu da jakar nan, mata har leƙe suke su ga ƙofar wa zai tsaya. Haka ya zo musu lokacin ciwon mahaifiyar Tela.

"Baba yana cewa, ai Likita bai zo gida ba," in ji Tela. Muryarta ba ta tashi ba, kuma shi ya fi muni. "Na ce Baba ka rame. Ya ce Likita bai zo ba. Na ce Baba kana zubar da jini. Ya ce da wani abu ne da Likita ya zo. Wandonsa sau uku ina rage masa ƙugu. Ni da hannuna. Ina ragewa yana tsokanata wai na iya cin yadi."

Likita ya cire gilashi ya ajiye.

"A satin da takardar ta fito, a satin na bar can."

"Na sani. Mun je aka ce ka tafi inda ake biya."

"Tela, mutum ɗari da wani abu nake gani a rana. Abin awon jini guda ɗaya, shi ma sai an buga shi yake tashi. Safar hannu da kuɗina nake saya. Na rubuta magani, a je ɗakin magani a ce babu. Na tura mutum babban asibiti, a ba shi rana bayan wata huɗu, kafin ranar ta zo an yi masa sutura. Na rubuta takardun koke har na gaji da rubutawa. Ga nawa 'ya'yan sun kai jami'a. Shekarata sittin da uku, ban ajiye komai ba sai gaisuwar mutane."

"Ban zo tambayarka me ya sa ka tafi ba. Ka tafi, Allah ya ba da sa'a, mu ma da za mu samu inda ya fi da mun tafi. Daga nan zuwa gidanmu tafiyar rabin awa ce."

"Na ce ranar Asabar zan je. Suka sa mini aiki ranar Asabar. A nan ba ni nake da ranata ba, a rubuce take tun kafin in zo. Na ce wata Asabar ɗin."

"Asabar nawa ce a wata tara?"

Ta matso da kujerarta kusa da teburin.

"Waya fa? Ko ita ma sai an buɗe kati?"

"Ban taɓa faɗa wa mutum irin wannan a waya ba."

"Sai ka zaɓi kada ka faɗa masa ko kaɗan."

Ya ɗauki ambulan ɗin yana juya shi.

"Na riƙa ce wa kaina akwai wata a fayil, wanda ya gaje ni zai gani ya kira shi. Na san babu. Ni na ɗauke ta, ita kaɗai ce." Ya ajiye ambulan ɗin. "Gidaje nawa na shiga da jakar nan, ban taɓa jin ƙafata ta yi nauyi ba. Amma Babanki… Shekara talatin yana ɗora mini reza a maƙogwaro, ina ɗora masa abin sauraro a ƙirji. Wata na farko na kasa. Wata na biyu kunya ta ƙaru a kan tsoro. Daga nan kullum abin yana ƙara girma, ni kuma ina ƙara ƙanƙancewa."

"Ya zo nan, ka sani?"

Likita ya runtse ido.

"Ashe ka sani," in ji ta.

"Sau ɗaya. Na fito zan shiga wancan ɗakin, na gan shi a kujerun jira, ya sa rigarsa ta fita. Ya miƙe. Na riƙe hannunsa na ce ina zuwa, akwai mutum a ciki. Da na fito ya tafi."

"Awa uku ya yi. Yarinyar kanta ta ce ya buɗe kati, ya ce shi gaisuwa ya zo. Ka san me ya gaya mana da ya dawo? Cewa ya yi, na ga Likita, ya riƙe hannuna, ya kalle ni, bai ce komai ba. Ke nan lafiya. Ranar har abinci ya ƙara."

Tsohon ya kifa kansa a kan teburin nan mai sheƙi. Kafaɗunsa suna motsi. Tela ta zuba masa ido. Tun daga gida take tanadin wannan lokacin, ta ɗauka in ta ga ya durƙushe za ta ji sanyi. Ba ta ji komai ba sai yunwa da ciwon ƙafa.

Ya ɗago, ya share fuska da hannun riga kamar ba likita ba.

"Ki kawo shi nan. Gobe. Akwai na'ura a nan, ba layi. Ni zan ɗauki nauyin komai, ko albashina zai ƙare a kai."

"Karanta takardar yaron nan da kyau. Kai ne babba. In an kawo shi gobe, zai tashi?"

Ya sake jawo takardar gabansa.

"Baba Likita, na biya kuɗin magana. Zai tashi?"

"A'a," ya ce. "Za a rage masa zafi. Wataƙila a ƙara masa 'yan watanni."

"Da ka zo a Asabar ɗin farko fa?"

"Da layin aiki a can zai ɗauki lokaci…"

"Da zai tashi?"

"Ina kyautata zaton haka. Allah ne masani. Amma ina kyautata zato."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke takardar ƙaramin likita gida huɗu, ta daidaita bakinta da farce kamar tana kalmasa ɗinki.

"Ya sani?" in ji shi.

"Na ce masa gyambon ciki ne. Ya yarda. Shi ya sa na zo, ba don in ga kukanka ba. Kada ka zo gidanmu."

"Tela."

"Kada ka zo. Ƙafarka kaɗai ta isa ta gaya masa. In ya hango ka a ƙofa da jakar nan, ba sai ka buɗe baki ba. Ka bar min shi da gyambon cikinsa. Ka bar shi ya yi ta tsokanata har ranar da Allah ya yi."

"Ba yaro ba ne. Yana da abin da zai so ya faɗa muku, yana da wanda zai so ya gani. Haƙƙinsa ne ya sani."

"Yau ka tuna yana da haƙƙi?"

"Na makara, na yarda. Amma kada in hana shi wata tara, ke kuma ki hana shi sauran."

Maganar ta soke ta, don haka ta miƙe.

"A can kana da mu, ba ka da lokaci. Nan sun ba ka lokaci, ka ga abin da ka yi da shi. Ka riƙe takardarka, ta saba da kai."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Yarinyar kanta ta leƙo da murmushinta.

"Likita, mai bi yana jira."

"Na gama," in ji Tela. "Ciwon kan ya tafi."

Ba ta hau mota ba. Da ƙafa ta taka, wai ko za ta samu inda za ta ajiye kukan kafin ta isa. Ta bi ta shagonta, ta tarar da yadin amarya a kan keke yadda ta bar shi, ta zauna ta zura zare a allura ta zare, ta sake zurawa. Maƙwabciyarta mai sayar da maɓalli ta leƙo ta ce ya jikin Baba, ta ce da sauƙi. Sai da rana ta karkata ta wanke fuska, ta gwada murmushi a madubin gwajin kaya har sau biyu, ta kulle ta nufi gida.

Tun daga ƙofa ta ji ƙamshin sabulun aski.

Baba, da ta bari kwance da safe ko juyi sai da taimako, yana zaune a ɗakin waje. Ya yi wanka. Ya gyara gemu. Ya jawo tsohuwar kujerar shagonsa tsakiyar ɗaki, Allah kaɗai ya san yadda ya yi ya jawo ta. A kan ƙaramin tebur ya shimfiɗa farin tawul, ya jera almakashi da mataji da reza, kowanne a inda yake zama shekara arba'in.

"Baba! Wa ya ce ka tashi?"

"Uwata, kin daɗe. Kin ci abinci?"

"Me ye wannan?"

"Baƙo zan yi." Ya ɗauki reza yana duba bakinta a haske. "Likita ya bugo."

Jakar hannunta ta zame ta faɗi.

"Me… me ya ce maka?"

"Wai gashinsa ya yi yawa, zai zo aski in ya tashi aiki." Baba ya yi 'yar dariya, dariyar ta taɓo masa ciki ya dafe wurin. "Gashin da in na tashi ƙirgawa ba zan kai ɗari ba. Likita bai iya ƙarya ba, uwata. Ke ma haka. Gyambon ciki!"

Ta durƙusa a gabansa. Murmushin da ta gwada a madubi bai ko fito ba.

"Baba, zan kira shi in ce kada ya zo. Yanzu zan kira shi."

"Ki bar shi."

"Ka san abin da ya yi? Wata tara takardar tana…"

"Ki bar shi, na ce." Ya ɗora hannu a kanta. Hannun ba nauyi, kamar an ɗora mata ƙyalle. "Kina tsammanin ban ji ba? Jikina ya daɗe yana gaya mini. Ni kuma ina ce masa, kai ba likita ba ne, yi mini shiru. Kullum la'asar ina nan zaune ina sauraron lungu. In rana ta faɗi bai zo ba, sai in ce to, yau ma lafiyata ƙalau. Da ina son ji, ranar da na je wurinsa da na jira ya fito. Ni na gudu. Shi yana tsoro, ni ina tsoro, muka taru muka bar ki da rage wando."

"Da an yi maka aiki, Baba. Da ka tashi."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne, shi da bakinsa ya…"

"To kin ga kin gaya mini ke nan, tun bai iso ba."

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Ya bar ta ta yi kukanta a gwiwarsa, yana shafa mata kai yana kallon ƙofa.

"In ya shigo ki kawo masa ruwa," ya ce. "A kofin gilashi. Kuma ki gaishe shi yadda na koya miki."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Ni ma ai ban san ko zan iya riƙe rezar nan ba."

Mota ta tsaya a bakin lungu. Aka rufe ƙofarta. Takun ƙafa, a hankali, irin na wanda ba ya son isowa. Takun ya zo daidai ƙofarsu ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Tela ta share ido ta yunƙura za ta tashi. Baba ya cafke wuyan hannunta, da wani ƙarfi da ba ta san ya rage masa ba. Ta juyo. Dariyar nan duk ta bar fuskarsa.

"Tsaya, uwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki amsa tukuna. Bar shi ya sake sallama."